Da ƙafafuna suka ƙi gudu

Wata Lahadi ce a tsakiyar Fabrairun 2025. Na sauko daga keke a bakin tafkin Jabi da ke Abuja bayan awa biyu da rabi ina murza feda a titin filin jirgi, na cusa keken a bayan mota, na sauya takalmi, na danna agogo. Tsarin atisayen tirayatlon na ranar shi ne in yi gudun minti 40 nan take, tun ƙafa ba ta huce ba. Ban cika kilomita ɗaya ba na san da matsala. Cinyoyina kamar an ɗura musu jiƙaƙƙen yashi, tafin ƙafa yana faɗuwa ƙasa daɓas-daɓas, numfashi kuma sama-sama. Agogo ya yi ƙara, na duba: minti 6 da daƙiƙa 20, bugun zuciya 161. Wata uku kafin nan, a wannan hanya, da wannan takalmi, minti 5 da rabi nake cin kilomita, zuciya tana buga 146, har ina amsa gaisuwar masu tattaki.

A kilomita na huɗu na tsaya. Na zauna a kan kwalbati na sunkuyar da kai, zufa tana ɗiga daga haɓata tana huda ƙura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata biyar ina tashi kafin kiran assalatu, na hana kaina hira, na hana kaina zuwa bukukuwa da yawa, ga shi ina ta komawa baya.

Ga wanda bai san wasan ba, tirayatlon wasa uku ne a jere: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu, agogo kuma ba ya tsayawa ko lokacin da kake sauya kaya. Zangon da ake yi a Olamfik tun da aka shigar da wasan a Sidni a 2000 shi ne kilomita 1.5 a ruwa, 40 a keke, 10 a ƙafa. Wanda ni na sa a gaba shi ne rabin zangon doguwar gasar da ake kira Ironman, wato 1.9 a ruwa, 90 a keke, 21.1 a ƙafa, kuma na ƙwallafa rai a kan na Rubavu ta ƙasar Ruwanda, a bakin tafkin Kivu, wanda aka fara a 2022. Shekarata 41, aikin ofis nake yi, ina da 'ya'ya uku. Iyo a rafin Kubanni na koya ina yaro a Zariya, irin na kai a sama ana ta facal-facal, sai da na sake koyo daga tushe a wurin wankan wani otal a nan Abuja.

A Oktoba atisayena bai wuce awa 7 a mako ba. Kafin Janairu ya kai 12. Ninƙaya sau uku, keke sau uku, gudu sau huɗu, babu ranar hutu ko ɗaya. Kuma duk gudun nan huɗu iri ɗaya ne. Ban taɓa yin sa a hankali har in ji daɗinsa ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin yin sa da cikakken sauri ba. Kullum tsaka-tsaki, ina haki kaɗan-kaɗan, domin na san abokai za su gani a Strava, manhajar da ake wallafa sakamakon atisaye, ba na son su ga lamba mai nauyi. Da saurin ya fara raguwa a Janairu, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa sakaci ne ya shigo. Na ƙara gudun tsere ranar Talata, mita 800 sau shida. A lokaci guda kuma na rage tuwo da shinkafa don in sauke nauyi saboda hawan tudu a keke. Kilo biyar na zubar, ina ta murna.

Abin da ban gane ba a lokacin, wasan uku ne amma jikin ɗaya ne. A takardar tsarina kowane wasa da layinsa, sai nake lissafa su kamar kowanne da aljihunsa. Ranar da na yi ninƙaya mai tsanani sai in ce ai ƙafa ta huta. Alhali zuciyar da ta yi aikin ita ce dai za ta yi na gobe, barcin da zai gyara ɓarnar shi ne dai awa biyar ɗin nan, abincin ma shi ne wanda na rage. Asusu ɗaya ne mutum uku suke ɗiba, mai zubawa kuma ya ja hannu.

Gudu ne yake fara tona asirin wannan bashi, kuma da dalili. A ruwa, ruwan ne yake ɗauke da kai. A keke, sirdi ne yake ɗauke da nauyinka, in ka gaji ka sauya giya ko ka laɓe a bayan abokin tafiya iska ta rage dukanka. A gudu babu maɓoya. Kowane taku jiki yana dira ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau biyu zuwa uku, tsokar cinya ce take tare wannan dukan, ita ce kuma wadda keke ya gama tatsa jiya. Ga kuma man da tsoka take ajiyewa, wanda ake kira gilaikojin, daga sitaci ake samun sa, kuma ajiyar ba ta da yawa: aiki mai ƙarfi na awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa ya kwashe mafi yawanta. Wanda ya yi doguwar tafiyar keke ranar Asabar, ya ci ganye da kifi da daddare, ya fito gudu ranar Lahadi, da tanki rabi ya fito. Haka na yi ta yi mako bayan mako.

Uwargida ce ta riga ni gani. Wani dare na daka wa ƙaramin yaronmu tsawa a kan ya zubar da ruwa a tabarma, abin da bai kai ya kawo ba. Bayan yara sun kwanta ta zo ta zauna kusa da ni.

“Abban yara, wannan abin da kake yi don lafiya ka ce kana yi, ko?”

Na ce haka ne.

“To ni ban ga lafiyar ba. Ka rame, ba ka barci, mura ta kama ka sau biyu tun shigowar hunturu, yanzu kuma yara sun fara tsoron shigowarka. Ka je ka ga likita, don Allah.”

Ban ce komai ba, domin duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Ina kwanciya a gajiye tiɓis, amma ƙarfe biyu na dare ido ya bushe. Bayan azahar a ofis kaina yana rangaji a gaban kwamfuta. Da na koma na duba bayanan agogo, bugun zuciyata na lokacin hutu, wanda ya saba zama 52, ya kai mako uku yana yawo tsakanin 59 da 61. Kullum lambar tana gabana, sai dai ni lambar sauri kaɗai nake dubawa.

Likitan da na gani bai fara da maganar wasa ba. Ya sa aka yi mini gwajin maleriya, aka auna yawan jini, ya tambaye ni AA nake ko AS, domin mai AS yana bukatar ƙarin taka-tsantsan da aiki mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa. Wannan mataki ina roƙon duk mai motsa jiki a ƙasar nan kada ya tsallake shi. Littattafan horo da muke karantawa an rubuta su ne a inda babu sauron maleriya, ba za su ce maka ka yi wannan gwaji ba, alhali a wurinmu kasalar da ta ƙi tafiya tana iya zama zazzaɓi ne yake ɓoye, ko ƙarancin jini. Nawa sakamakon ya fito babu maleriya, jini ya isa, sai dai ajiyar sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki yake haɗa jini da shi, ta yi ƙasa-ƙasa. Ya ce in koma cin nama da hanta da wake da zogale yadda ya kamata, ya kuma gargaɗe ni kada in sayi ƙwayar ayon in yi ta sha ba tare da awo ba, domin yawansa ma illa ne. Da na karanta masa tsarin makona sai ya ajiye biro ya ce, “Malam, wace rana ce a nan jikinka yake gyara abin da ka rusa?”

Kwana tara ban yi gudu ba. Keke ma na jingine. Sau biyu kawai na shiga ruwa, ina yawo a hankali. Kwana ukun farko na fi jin gajiya fiye da lokacin da nake atisaye, har na tsorata, ashe jiki ne ya samu sarari yake fito da abin da ya danne. A rana ta shida na yi barcin awa takwas ban farka ba.

Ranar da na koma Jabi na haɗu da wani dattijo tsohon soja da muke gaisawa kullum. Ya haura sittin, yana sassarfarsa da farar hula da tawul a wuya, ban taɓa ganin sa yana haki ba.

“Ɗana, kwana biyu. Lafiya dai?”

Na ba shi labari a taƙaice. Ya gyaɗa kai.

“Na daɗe ina kallonka. Kullum kai a guje, fuska a murtuke. Yau biyo ni. Ka ba ni labarin garinku daga nan har mu zagayo. In labarin ya yanke, mun yi sauri.”

Na bi shi. Na ba shi labarin Tudun Wada da Kwarbai da hawan sallar Zazzau, shi kuma ya ba ni na zamansa a bariki a Jos. Minti 45 muka yi. Agogo ya nuna minti 7 da daƙiƙa 15 a kowane kilomita, zuciya 137. Da muka tsaya na ji kamar in sake wani zagayen, kuma rabon da in ji haka bayan gudu har na manta. Na ce, “Baba, na gode.” Ya ce in dawo jibi.

Daga baya da na zauna karatu, sai na tarar abin da Baba ya gwada mini shi ne abin da masana suka auna. Stephen Seiler, masanin motsa jiki a Jami'ar Agder ta ƙasar Nowe, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya suke atisaye, masu gudu da masu keke da masu tuƙa kwalekwale da masu sulu a ƙanƙara, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, irin wanda ake hira a cikinsa. Ragowar ne mai zafi, kuma in sun zo yin sa da gaske suke yi, domin sun zo da ƙarfinsu. Ni kuwa na tare a tsakiya, inda gajiya take da yawa riba kaɗan.

Labarin da ya fi ratsa ni shi ne na Mark Allen, Ba'amurken da ya ci gasar Ironman ta Hawai sau shida, daga 1989 zuwa 1993, sannan 1995. Kafin nan ya sha zuwa yana dawowa hannu rabbana. Mai horar da shi, Phil Maffetone, ya sa shi ya riƙa gudu ba tare da zuciyarsa ta haura 155 ba, kuma kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, sai da ya koma cin mil ɗaya a sama da minti 8, mutumin da ya saba yin sa a minti 5 da 'yan kai. Ya daure watanni a haka, saurin ya riƙa dawowa alhali bugun zuciyar yana nan inda yake. Lissafin Maffetone mai sauƙi ne: ka cire shekarunka daga 180. Nawa ya ba da 139. Ban ɗauki wannan lissafi a matsayin wanda ba ya kuskure ba, domin zukata sun bambanta, sa'o'i biyu ma suna iya samun tazara mai yawa a bugunsu. Amma a wurina ya yi daidai da gwajin Baba: in na haura 140, jimlolina sun fara gutsurewa. Na kuma sayi maɗaurin ƙirji mai auna bugu, domin na agogon hannu yana ruɗewa in zufa ta yi yawa.

Yin gudu a hankali ya fi yin sa da sauri wuya a gare ni, kuma wuyar a zuci take. Akwai 'yar gangara da hawa a hanyata, duk lokacin da na zo hawan sai agogo ya yi kuka, dole in koma tafiya. Mutanen da na saba wucewa suka riƙa wuce ni. Wani abokin keke ya tsaya ya tambaye ni ko rauni na ji. Kunya ta riƙa cin raina, sau da yawa ƙafa tana ƙaiƙayin ta ƙara wuta. Abin da ya taimake ni, na cire lambar sauri daga fuskar agogon gaba ɗaya, na bar bugun zuciya da lokaci kawai, na kuma rufe Strava ɗina ya zama ni kaɗai nake gani.

Ana haka azumi ya kama a farkon Maris, daidai lokacin da zafin Abuja yake kan ganiyarsa. A shekarun baya nakan yi ƙoƙarin riƙe tsarina kamar ba azumi ake ba. Bana na sallama wa watan. Tsakanin tarawihi da sahur da tahajjud a goman ƙarshe, barci a gutsure yake, ruwa kuma sai dare, babu ta inda jiki zai ɗauki aiki mai zafi ya amfana. Na koma awa biyar a mako. Sassarfar minti 30 gab da magariba, ina zagaye kusa da gida yadda zan sha ruwa da zarar an kira salla. Keke a cikin ɗaki bayan tarawihi, fanka a gabana. Ninƙaya da daddare sau ɗaya ko biyu. Babu tsere ko ɗaya har aka yi salla. Na yi zaton zan fito watan a rushe, sai ga bugun hutuna ya sauko 53.

Zafi kansa sai da na koyi ba shi haƙƙinsa. In ana zafi, jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, zufa kuma tana rage ruwan da ke cikin jinin, sai zuciya ta ƙara bugu kafin ta kai wa tsoka abin da ta saba kaiwa. Ke nan saurin da na yi a sanyin Disamba da asuba ba zai yiwu in nemi irinsa a Afrilu da hantsi ba, ko da lafiyata ƙalau. Wani ɓangare na abin da na kira komawa baya a Fabrairu, yanayi ne kawai ya juya. Na hau sikeli kafin wata doguwar tafiyar keke da bayanta, na ga na sauke kusan kilo biyu duk da gora biyu da na sha, kuma kowane kilo kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Duk mai ganin ƙarfin hali yana maganin zafi, ya nemi hoton bidiyon gasar tirayatlon da aka yi a Cozumel ta Meziko a 2016. Jonny Brownlee na Ingila, wanda ya ci azurfa a Olamfik ɗin Riyo makonni kaɗan kafin nan, yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mita, zafi ya kwance masa ƙafafu ya fara tangaɗi. Wansa Alistair ne ya rungumo shi ya kai shi bakin layi ya tura shi ciki, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya ci. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, kuma har yanzu in na ga idanun Jonny ba sa ganin gabansa sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan salla na dawo da gudun bayan keke, amma da sabon hankali. Na gane cewa tun a kan sirdi ake yanke wa gudun hukunci. Da, in mun fita da abokai ranar Asabar, duk wanda ya kai hari a hawan tudu sai na bi shi, in sauko ƙafa ta mutu, sannan in zargi gudu. Yanzu ina barin su su tafi. Ina ci a kan keke kowane minti 20, dabino biyu ko uku daga aljihun riga, ko rabin ayaba, domin abin da ake ba da shawara a doguwar tafiya shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya da ɗan gishiri da sukari. Minti goman ƙarshe ina sassauta giya, ƙafa ta yi ta juyawa da sauƙi. In na sauka, kilomitan farko da gangan nake rage shi, gajerun taku, domin bayan gudun keke ido yana raina saurin ƙafa, sai mutum ya fita da wuta bai sani ba. In na dawo gida fura da nono tana jira, tuwo kuma ya koma mazauninsa da daddare. Kilo biyu daga cikin biyar ɗin sun dawo, ban kuma damu ba.

Tsarin makon ma ya sauya. Juma'a hutu ce cikakkiya. Gudu sau uku, biyu na hira, ɗaya mai zafi, kuma ba na haɗa rana mai zafi da wata mai zafi a jere ko da wasannin sun bambanta. Kowane mako na huɗu ina zabge kusan rabin aikin. Da safe kafin in sauko daga gado ina duba bugun hutu. In ya haura abin da na saba da biyar ko fiye kwana biyu a jere, aikin ranar ya koma mai sauƙi ko a fasa. Na kuma koyi bambanta gajiya biyu. Akwai tsamin jiki na wanda ya yi aiki jiya, wanda minti goma na sassarfa yake warwarewa, wannan ba ya hana ni fita. Akwai kuma wadda in na fara sai ta ƙaru, ko in matsa amma zuciyar ta ƙi hawa, ta tsaya a ƙasa kamar an danne ta, ga rashin sha'awar abinci da saurin fushi. In na ga wannan, gida nake juyawa.

Rubavu kuwa na ɗaga ta. Da na zauna na ƙirga makonnin da suka rage, na ga sai na sake cusa aiki irin na Janairu kafin in kai, ni kuma na riga na ga inda wannan hanyar take ɓullewa. Na ji zafin hakan, na kwana biyu ina juya abin a raina, uwargida tana ba ni baki.

Duk ranar Laraba ta farkon wata ina gwaji ɗaya: kilomita biyar a hanya ɗaya a Jabi, bayan sallar asuba, zuciya a 139. A farkon Afrilu minti 7 da daƙiƙa 5 na yi a kowane kilomita. A Mayu 6 da 45. Wannan Larabar da ta wuce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi, na yi 6 da 15, ina numfashi ta hanci mafi yawan hanyar. Har yanzu ban koma minti 5 da rabi ba. A zagaye na ƙarshe na cim ma Baba, na rage muka jera, ya ci gaba da labarin Jos daga inda ya tsaya wancan makon.